Finafinan Ƙarshen Hutu a Kan Ma'auni: Me Ke Tafe, Me Za Mu Ɗauka, Me Za Mu Bari?

 

Muna cikin watan Safar na 1445, ƙarshen Agustan 2023. Dogon hutu ya zo gangara, ranar Litinin 4 ga Satumba yara za su koma lekol. Masu sana'ar fim sun san wannan lissafin fiye da mu, shi ya sa suke jero sababbin finafinai a waɗannan makonni, a Amurka da Indiya da Legas da Kano. Kafin fim ya fito tallarsa ta riga ta zaga wayoyin Birketiri. Ka zauna a shagon tela ko a bakin tukubar mai tsire bayan isha'i, za ka ji samari suna ƙirga kwanaki kamar masu jiran ganin wata.

Wani zai ce: me ya haɗa mujallar masallaci da fim? Amsarmu ita ce, abin da ya shiga ɗakunanmu ya zauna, ya ci awowin 'ya'yanmu, ya koya musu yadda ake soyayya da yadda ake fushi da yadda ake ramuwa, ai ya zama malami a gidan, ko mun ɗauke shi aiki ko ba mu ɗauke shi ba. Malami kuwa dole a san me yake karantarwa. Don haka muka zauna da wasu matasan ƙungiya muka duba tallace-tallacen abin da ke tafe, muka haɗa da abin da aka sani na kashin da suka gabata, ga kuma abin da muka gani.

Inda kallon ya koma

Manyanmu sun san sinimar Abbia a tsakiyar Yawunde. An rufe ta a watan Janairun 2009, a watan da aka rufe Wouri ta Duwala, ƙasar nan ta yi shekaru babu gidan sinima na sosai. Sai a 2016 aka buɗe CanalOlympia a harabar Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, a Ngoa-Ekelle, mai kujera 300. A zamanin Abbia, uba ya san ɗansa ya je kallo, domin sai ya fita, sai ya nemi kuɗin shiga, sai ya dawo da dare a tambaye shi daga ina. Yau sinimar tana aljihu. Akwai Netflix ga mai hali, akwai YouTube ga kowa, akwai mai tura finafinai a waya a bakin titi ga wanda ba shi da kuɗin intanet.

A cikin watan nan aka janye fim ɗin Barbie daga sinima a ƙasar nan, kamar yadda Kuwait da Aljeriya suka yi. Da yawa daga masallatanmu sun yi murna, kuma mun fahimci murnar. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: an kulle ƙofar ɗaki mai kujera 300, taga kuwa tana hangame a tafin hannun kowane yaro. Hukuma tana iya hana majigi guda. Wayar da ka saya wa 'yarka kuwa, kai ne hukumarta.

Ma'aunin da muka auna da shi

Akwai 'yan uwa da suke ganin duk wani kallo haramun ne, a rufe zancen. Muna girmama tsentseninsu, kuma wanda ya bar kallo gaba ɗaya don Allah bai yi asarar komai ba. Sai dai ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kalli mutanen Habasha suna wasa da masu a masallaci, Annabi (SAW) yana kare ta, har sai da ta gaji don kanta. Ke nan shaƙatawa tana da gurbi a addini. Shi kansa ba da labari, Alƙur'ani ya cika da shi, Suratu Yusuf gaba ɗayanta ƙissa ce guda, akwai hassadar 'yan uwa a ciki, akwai makirci, akwai kurkuku, akwai mulki da yafiya. Abin dubawa shi ne wane labari, da wace siffa aka kawo shi, kuma me ya ci na lokacinka.

Tambayoyi huɗu muka yi wa kowane fim. Ta farko, me ido zai gani? Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, ta umurci maza da mata su runtse gani, kuma allon waya bai fita daga wannan umurni ba. Ta biyu, me yake koyarwa game da gaibu, wato wa ke amfanarwa, wa ke cutarwa, wurin wa ake neman tsari? Ta uku, wa aka naɗa gwarzo, kuma da wane hali ya ci nasara? Ta huɗu, awa nawa zai ci, kuma daga ina za a yanko awowin? Suratul Isra'i, aya ta 36, ta sanar da mu cewa kunne da ido da zuciya duk abin tambaya ne ranar gobe.

Masu ɗaukar doka a hannu

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, manyan finafinai uku da ke tafe a Satumba, daga nahiya uku, labarinsu kusan ɗaya ne: hukuma ta gaza, sai mutum guda ya ɗauki makami ya gyara duniya.

Na farko shi ne The Equalizer 3, wanda zai fito a Amurka ranar 1 ga Satumba. Denzel Washington ne ya sake fitowa a matsayin Robert McCall, kamar a na 2014 da na 2018, kuma Antoine Fuqua ne ya ba da umarni. Wannan karon an kai shi wani ƙaramin gari a kudancin Italiya inda 'yan daba masu ƙungiya suke gallaza wa talakawa. Mu ba shi haƙƙinsa: McCall dattijo ne mai kamun kai, mai karatu, mai tausayin maƙwabci, ba a nuna shi yana bin mata. Wannan ne ma ya sa ya fi haɗari. Da ɗan iska ne, yaro zai gane ɗan iska ne. Amma ga mutumin kirki, shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni, har yana duba agogon hannunsa ya ƙirga daƙiƙun da zai gama da mutane. Kyamara kuma tana tsayawa a kan karya ƙashi da huda jiki ta yadda mai kallo zai ji daɗi. Da zuciya ta fara jin daɗin ganin azaba, ko da a kan azzalumi ce, wani abu ya fara mutuwa a cikinta.

Na biyu shi ne Jawan na Shah Rukh Khan, ranar 7 ga Satumba, wanda Atlee ya ba da umarni, tare da Nayanthara da Vijay Sethupathi. Mun san shi ne wanda unguwar nan ta fi jira, domin Bahaushe da fim ɗin Indiya tsohuwar zuma ce, tun zamanin kakanninmu a sinimomin Kano da Jos. Bayan Pathaan da ya fito a Janairu, samari sun ƙagu. A tallar da aka saki a watan Yuli an ga jarumin da ƙwalƙwal yana rawa a cikin jirgin ƙasa, ga rundunar mata ɗauke da bindigogi, ga fashe-fashe. Alamu sun nuna labarin ramuwa ne a madadin talaka. Ga rawa da waƙa da shigar da muka saba gani a irin waɗannan finafinai, ba sai mun yi dogon bayani ba. Muna jan hankali a kan abu guda: cewa jarumin Musulmi ne bai mayar da fim ɗin na Musulunci ba. Sana'arsa yake yi, kasuwa yake nema. Haka kuma idan fassarar Hausa irin ta Algaita ta iso, harshen ne zai zama namu, hoton yana nan yadda yake. Barkwancin mai fassara ma yakan sa uwa ta saki jiki ta bar ƙananan yara a gaban abin da da Indiyanci ne da ta kashe.

Na uku shi ne The Black Book na Najeriya, wanda Editi Effiong ya shirya, zai hau Netflix ranar 22 ga Satumba. Richard Mofe-Damijo ya fito a matsayin dattijon coci wanda gurɓatattun 'yan sanda suka ɗora wa ɗansa laifin satar mutane, ya rasa ɗan, ya fita neman haƙƙi da hannunsa. Wannan ya fi sauran kusa da mu, domin zafin uban da aka zalunta ba baƙon abu ba ne a ƙasashenmu. A cikin ukun, shi ne muke ganin babba mai hankali zai iya samun abin tunani a ciki.

To ina matsalar? Ɗalibanmu da suka kai babin jini da haddi a Risala sun san cewa ƙisasi haƙƙi ne tabbatacce, Suratul Baƙara aya ta 178 da ta 179 sun kafa shi, amma zartar da shi aikin mai mulki ne bayan shaidu da bincike. Malamai ba su bar wa kowa ya yi da hannunsa ba, saboda kowane mai fushi yana ganin shi ne mai gaskiya. A fim, marubuci ya riga ya nuna maka mugu ƙarara, babu kuskure. A titi kuwa, sau nawa aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, aka taru a kan mutum, daga baya aka gane ba shi ba ne? Yaron da ya shekara goma yana kallon gwarzo mai yanke hukunci nan take, shi ne zai fara ɗaukar dutse ranar da aka yi ihu a kasuwar Mokolo. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayya ta ɗauke mu zuwa rashin adalci, Suratush Shura aya ta 40 kuma ta ɗaga darajar mai yafewa. Mun duba finafinan nan uku, ba mu hango inda yafiya za ta sami wurin zama ba.

Hukuncinmu: duka ukun ba na yara ba ne. Saurayin da ya nace sai ya gani, ya shiga da wannan tambayar a ransa: da wanda aka kashe ɗin nan ba shi da laifi fa?

Masu wasa da gaibu

Ranar 8 ga Satumba The Nun II zai fito, ci gaban na 2018, daga jerin finafinan tsoro na The Conjuring da aka fara a 2013. An kafa labarin a Faransa a 1956, inda wani shaiɗani mai suna Valak yake bayyana cikin suturar mata masu zaman zuhudu na coci. Wannan shi ne fim ɗin da muke cewa a bar shi ɗungurungum, babba da yaro.

Dalilinmu na farko aƙida ce. Mun yi imani da samuwar aljanu, akwai sura sukutum da sunansu. Amma Alƙur'ani ya siffanta kaidin Shaiɗan da rauni a Suratun Nisa'i aya ta 76, ya kuma ba mu Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. Irin wannan fim yana juya lissafin: shaiɗan ne mai iko da ɗaki da duhu da numfashin mutane, masu addu'a kuwa suna rawar jiki, sai an nemo wani tsohon kayan tarihi kafin a tsira. Yaron da ya kwana da wannan hoton zai ji tsoron fita alwalar asuba, kuma tsoron da ya kamata ya ajiye wa Allah ya raba shi biyu. Malaman allo sun sha karɓar yaran da ke firgita cikin barci, iyaye suna cewa a yi musu ruƙiyya, alhali maganin shi ne a karɓe wayar da dare.

Dalili na biyu maƙwabtaka ce. A Yawunde muke, tsakiyar Kiristoci. Matan nan masu farin lulluɓi da baƙi, da yawansu asibiti suke riƙe da makarantu, wasunmu a hannunsu aka karɓi haihuwarsu. An ɗauki suturarsu an mayar dodo don a sayar da tikiti. Da hijabin matanmu aka yi wa haka, da mun cika gari da ƙorafi. Abin da ba ma so a yi mana, kada mu biya kuɗi a yi wa wani.

A wannan babin ne za mu sa Jagun Jagun na Femi Adebayo, fim ɗin Yarbanci da ya hau Netflix ranar 10 ga Agusta, yana kuma yawo a wayoyi yanzu haka. Ta fuskar aiki sai a yaba: sutura, fagen yaƙi, harshen da ba a ji kunyarsa ba. Saƙonsa ma yana da nauyi, yadda masu mulki ke tara 'ya'yan talakawa su mayar da su makamin biyan buƙatarsu. Wannan darasi ne da samarinmu ke buƙata duk lokacin zaɓe. Amma ƙarfin jarumai a ciki daga tsafi yake fitowa, kuma an nuna tsafin yana ci. Wanda ya karanta aya ta 102 a Suratul Baƙara ya san matsayin sihiri da mai neman sa. Babba mai aƙida zaunanniya zai iya tsince saƙon ya zubar da sauran. Yaro ba ya tsincewa, haɗiyewa yake yi.

Ilimi da babu tsoron Allah

Oppenheimer na Christopher Nolan ya fito tun watan Yuli, amma yanzu yake isowa hannun yawancin mutanenmu, kuma ɗalibanmu na jami'a sun tambaye mu a kansa. Awa uku ne cur. Labarin masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya a Los Alamos, aka gwada shi ranar 16 ga Yulin 1945, aka jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agusta, Nagasaki ranar 9. Kafin ƙarshen shekarar, an ƙiyasta mutum wajen 140,000 sun mutu a Hiroshima, wajen 70,000 a Nagasaki.

A cikin duk abin da muka lissafa, wannan ne ya ɗauko tambaya mafi girma: shin duk abin da mutum ya iya yi, ya halatta ya yi shi? Tambayar da muke fara karantar da ɗalibi ke nan a Ahalari, cewa baligi ba ya aikata abu sai ya san hukuncin Allah a kansa. Ga mutane sun tara ilimin da duniya ba ta taɓa gani ba, sun gama aikin, sannan suka zauna tambayar ko daidai ne. Nadamar da ke fuskar Cillian Murphy a ƙarshen fim ɗin ta fi huɗuba goma bayyana ma'anar ilimi marar amfani, wanda Annabi (SAW) ya nemi tsari daga gare shi.

Sukarmu biyu ce. Ta farko, akwai wuraren tsiraici a ciki ƙarara, har sai da aka rufe su a kwafin da aka nuna a Indiya da ƙasashen Larabawa. Kwafin da ke yawo a waya ba a san wanne ba ne, don haka ba abin kallo ba ne a falo, kuma wanda ba zai iya tsallake wuraren ba ya haƙura. Ta biyu ta fi ci mana rai. Awa uku ana nuna damuwar wanda ya ƙera bam, ba a nuna gawa ɗaya ta mutanen Japan a garuruwansu ba. Ba a kuma nuna Shinkolobwe ba, mahaƙar da ke Katanga a ƙasar Kwango, inda aka haƙo mafi yawan yuraniyom ɗin da aka yi aikin da shi, da hannun baƙaƙen fata 'yan uwanmu a ƙarƙashin mulkin Beljiyam. A watan da kowa ke zancen yuraniyom ɗin Arlit tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, ya kamata ɗalibi ya lura da wannan: mai riƙe da kyamara shi ke zaɓar wanda za a yi wa kuka. Ku koyi tambayar wa aka bari a waje.

Ɓarawon lokaci

Ranar 31 ga Agusta Netflix za ta saki One Piece, kashi takwas a rana ɗaya, kwana huɗu kafin komawa lekol. An ɗauko shi daga littafin zane na Eiichiro Oda na Japan wanda ake bugawa tun 1997, labarin yaro Luffy da ke son zama sarkin 'yan fashin teku. Akwai abota da riƙon alkawari a ciki, akwai kuma shigar da ba ta dace ba nan da can. Amma babban aibinsa yana cikin tsarinsa. Kowane kashi an yanke shi daidai inda rai zai ce a ƙara ɗaya, na gaba kuma yana farawa da kansa ba tare da ka taɓa komai ba.

Mu yi lissafi. Kashi takwas, kowanne wajen awa guda, awa takwas ke nan. Ɗalibin da ke ba kowane izu rabin awa zai yi tilawar izu goma sha shida a wannan lokacin, fiye da rubu'in Alƙur'ani. Wanda ya fara bayan isha'i, wajen ƙarfe takwas, zai gama ƙarfe huɗu na dare, saura kaɗan a kira assalatu. Wa zai tashe shi? Hadisin Ibn Abbas da ke Bukhari ya ambaci lafiya da faragar lokaci a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a cikinsu. Kowace shekara muna ganin haka a madarasa: yaro ya tafi hutu da izu biyar a ka, ya dawo da uku suna rawa. Hadda kamar raƙumi ce, in ba a ɗaure ba ta tafi.

Namu na gida

Finafinan Kano su ne suka fi shiga gidajenmu, musamman wurin iyaye mata. Tun Turmin Danya na 1990 sana'ar ta yi nisa, yanzu kuma ta koma masu dogon zango a Arewa24 da YouTube: Daɗin Kowa, Kwana Casa'in tun 2019, Labarina na Aminu Saira, Izzar So na Lawan Ahmad, Gidan Badamasi. Waɗannan ba su da lokacin fita na musamman, kowane mako suna tafe, kuma za su raka mu har cikin ruwan Satumba da Oktoba.

Akwai abin yabo. Kwana Casa'in ya tona yadda ake cinikin ƙuri'a da asibitin da babu magani, a jihar Alfawa da aka ƙirƙira. Izzar So ya gwada nuna matashi mai gaskiya da riƙon addini a wurin aiki, abin da ba kasafai ake gani ba. Ga mu da muke zaune nesa da ƙasar Hausa, inda 'ya'yanmu ke cakuɗa Hausa da Faransanci har su rasa sunan abubuwa, jin Hausar Kano a gida riba ce.

Akwai kuma abin gyara. Na ɗaya, ja da labari: abin da zai ƙare a kashi goma sai a kai shi ɗari saboda talla. Na biyu, kishiya kullum muguwa ce, uwar miji kullum makira ce, har yarinya ta shiga gidan aure da takobi a zare. Na uku, malami a fim sau da yawa ko boka ne mai carbi ko abin dariya. Na huɗu, saki yana fita daga bakin maza kamar atishawa, ba idda, ba hukunci, mai kallo ya ɗauka haka shari'a take. Na biyar, ana jawo aya ko hadisi da lahani a Larabcin, wani lokaci a jingina wa Annabi (SAW) maganar da ba tasa ba. Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, a bana kuma an naɗa ɗan cikin sana'ar, Abba El-Mustapha, ya shugabance ta. Muna fatan a sa malamin Larabci ya riƙa duba duk nassin da za a furta, kafin a ɗauka.

Su ma suna da haƙƙi a kanmu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi da mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare. Wanda zai kalli Labarina ya kalla a tashar masu shi, Saira Movies, kada ya ci gumin mutane ta hannun mai kwafe.

Abin da muke ba da shawara a nema

Ba ma son mu hana ba tare da mun nuna madadin ba. Ranar 16 ga Satumba ake cika shekara 92 da rataye Umar Mukhtar a Suluƙ ta ƙasar Libiya, a 1931. Fim ɗin Lion of the Desert na Mustafa Akkad, na 1981, ya ba da tarihinsa: malamin Alƙur'ani da ya yi wajen shekara ashirin yana tirjiya ga mamayar Italiya. Ku gwada shi da McCall. Shi ma ya ɗauki makami, amma a ƙarƙashin jagoranci da ƙa'ida, kuma an nuna shi yana hana mutanensa kashe fursuna. Akwai yaƙi da jini, don haka a kalla tare da babba. Italiya ta hana nuna shi shekaru masu yawa, sai 2009 aka sa shi a talabijin a can.

Akkad ɗin ne ya yi Ar-Risala a 1976, wanda kan dawo yawo duk Rabi'ul Awwal. Ba a nuna Annabi (SAW) a ciki ba, amma an nuna Sayyidina Hamza da Bilal da wasu sahabbai, kuma malamai da yawa sun hana kwaikwayon sahabbai. Wanda ya bi masu hanawa ya yi daidai. Wanda ya kalla, ya nemi kwafin Larabci, zai ƙaru da fusaha, kuma ya sani sira a littafi ake ɗaukarta, a gaban malami.

Daga ƙasarmu akwai The Fisherman's Diary na 2020, wanda ya hau Netflix, labarin Ekah, 'yar masunci mai shekara 12 da ta nace sai ta yi karatu mahaifinta yana hanawa. Akwai wurare masu nauyi game da auren dole, saboda haka na iyaye ne. Muna so iyaye maza musamman su gan shi a wannan makon da ake yanke shawarar wace yarinya za a biya wa kuɗin makaranta, wace za a ɗora wa talla.

Nasiha a taƙaice

Ya ku iyaye, ku fara ganin abu kafin yaro ya gani, ko ku tambayi wanda ya gani. A yi kallo a falo, da sauti a buɗe. Bayan isha'i wayoyin yara su kwana a ɗakin uwa. Kada a fara fim in lokacin salla zai faɗo a tsakiyarsa, kuma a nan magariba wajen shida da rabi take. In an gama, a tambayi yaro: wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure, kai da me za ka yi? Kuma mu fara da kanmu, domin uban da ke kan waya har ɗaya na dare ba shi da bakin hana ɗansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ya ku ɗalibai, madarasa za ta koma tare da lekol, kuma makon farko na bitar hadda ne, kowa zai kawo abin da ya tafi da shi. Sauran kwanakin nan sun isa a ɗaure abin da ya kwance, in an fara yau.

Allah ya tsare mana idanunmu da kunnuwanmu da zukatanmu, ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a lokacinmu, ya ba ƙasarmu Kamaru da maƙwabtanta zaman lafiya. Allah ne mafi sani.